Shafin Inna A'i

Ranar da Sauda ta fara ganin Ladan, yana zaune ne a bencin ƙarshe wajen horar da sababbin editoci a unguwar Ɗan Iya, takalminsa duk jar ƙasar gonakin Miri. Ita ce mai koyarwa, kuma admin ce, wato mai sa ido, a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Aikinta kullum goge ɓarnar maɓarnata.

Ya ɗaga hannu. "Malama, in na rubuta abin da kakata ta faɗa min fa?"

"An buga shi a jarida?"

"Kakata jarida sai dai ta hura wuta da ita."

Aji ya kwashe da dariya. Ita ko sai ta sunkuyar da kai, don wani abu ya motsa a ƙirjinta.

Kafin damina ta fita, saƙonninsu sun wuce na aiki.

"Admin ɗina, na gyara shafin dawa. Don Allah kar ki goge ni."

"Manomina, ka sake manta madogara. Amma na bar ka."

Ana shirin turo magabata ne Ladan ya so ya ba ta mamaki. Ya buɗe shafi a kan mahaifiyarta marigayiya, Inna A'i, ungozomar Ƙofar Ran, har da hotonta. Sauda ba ta kai ga gani ba, wani marar suna ya shiga ya cusa kalaman batsa a ƙarƙashin hoton. Jalo, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa mahaifinta waya ya nuna masa.

Mahaifin nata, Alhaji Hammajoda, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon fuskar matarsa a hoton, sannan ya ce, "Wanda ya fitar min da A'i kasuwa bayan ƙasa ta rufe ta, kada ya taka min zaure."

Sauda ta goge batsar. Sai dai ta san ƙa'ida, ita ta koyar da ita: shafin da ba jarida ko littafin da ya tsaya masa ba ya zama. Da hannunta ta goge shafin mahaifiyarta, hawaye na ɗiga a kan allon wayar.

"Na goge, Ladan. Baba ya ce a'a."

"Kin yi daidai, hasken idona. Sauran aikin nawa ne."

Bayan la'asar ɗin Juma'a Ladan ya zo ya durƙusa a ƙofar zaure, bai shiga ba. Sauda na laɓe bayan labule.

"Baba, ban zo kare kaina ba. Ni na sa hoton ban nemi izini ba. A yafe min."

"Me ma ka rubuta a kanta? Ka san ta ne?"

"Ban san ta ba, Baba. Gida-gida na bi, matan da ta karɓi haihuwarsu suka faɗa min."

Ya karanta daga wayarsa: yadda take fita cikin ruwan sama da fitila, yadda ta kwana uku a gidan Cecilia mai shago har jaririyar ta kama nono, yadda take ɗaura wa talaka zanenta ta dawo gida da mayafi kawai.

Alhaji ya cire tabarau ya share ido. "Na sha yi mata faɗa a kan zannuwan nan. Ba ta taɓa gaya min inda suke zuwa ba." Ya mayar da tabarau. "Wannan maganar ta gida ce, ba ta duniya ba. Shigo daga ciki, yaro. Sake karanta min."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Rabin masu guɗa matan da Inna A'i ta karɓi haihuwarsu ne, da 'ya'yansu a goye. Alhaji ya dafa kan Sauda.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ki mai kama da uwarki ki goya."

Zauren ya amsa da amin.