Farin Ƙyallen da Ya Tashi a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Faɗa ta zo yi. Babanta mai wanki da guga ne, kuma wata riga da aka buga wa zane a wani shagon buga zane ta zuba a ruwa, ta ɓata fararen kaya har uku. Ta shigo shagon da rigar a hannu, kumfar sabulu ba ta gama bushewa a damtsenta ba.

Ta tarar da saurayin mai buga zanen a bayan shago, riƙe da firam na katako da aka ɗaure wa yadi mai ƙananan huji, wanda yake kira rariya. Ya shafe ta da wani koren magani, ya jera gashin tsuntsu da ƙayar kifi a kai, ya bar su a rana. Yanzu ya kwashe su yana watsa ruwa.

"Matsa kaɗan, kin tare min haske," ya ce.

Duk inda rana ta taɓa, maganin ya ƙame. Inda inuwa ta kwanta kuwa, sai ya narke ya bi ruwa. Gashin tsuntsun ya riƙa fitowa sili-sili. Inuwa ce aka kama, aka hana ta tafiya. Ya ɗora rariyar a kan yadi, ya ja tawada da faffaɗar roba sau ɗaya, ya ɗaga.

Ta manta abin da ya kawo ta.

"Aljanu gare ka?"

"Rana gare ni. Ke kuma kumfa."

Daga ranar ta zama Kumfa, shi kuma Shuɗi, don yatsunsa ba sa rabo da shuɗiyar tawada. Saƙonni suka fara kai da kawo.

"Kumfata, yau na buga da tsatsar ƙusa da ruwan shayi. Ya fito kalar idonki in kina hararata."

"Shuɗina, idona ba tsatsa ba ne. Ka ci abinci kuwa?"

Ranar da ya je gaida babanta, ya durƙusa a gefen teburin guga. Tsohon bai ajiye dutsen ba.

"Yaro, shekara talatin ina cire tabo a tufafin mutane. Kai kuma sai ka tashi da safe ka sa shi da gangan. Kawo min ƙyalle ɗaya daga hannunka wanda zai shiga ruwana ya fito bai zuba ba. In ka kasa, ɗan mai injin wanki na bakin titi ya riga ka magana."

Ɗan mai injin nan tsaf-tsaf yake. In ya zo hira, sai ya gaya wa Kumfa sau nawa injinsu ke juyawa a minti ɗaya.

Shuɗi ya kawo na farko, ya zuba. Na biyu ma haka. Daga nan aka ji shi shiru har mako biyu.

"Shuɗi, ko harafi ɗaya ne," ta rubuta. Ba amsa.

Wata safiya ya zo ya miƙa wa innarta wani farin ƙyalle a yamutse, ya ce a goge, ya juya da sauri. Inna ta shiga tana mita.

"Kyautar ke nan. Ba zane, ba rubutu, kuma wai mu za mu yi masa guga."

Kumfa ta juya shi gaba da baya. Mutumin da ko tsumma ba ya bari sai ya buga masa wani abu, yau ya aiko mata da fari fat. Ya haƙura ke nan. Ta share hawaye ta rubuta: "Na gane. Allah ya sada ka da alheri." Ta jefa ƙyallen a kwando.

To, Baba ba ya iya ganin yamutsattsen yadi ya wuce. Ya shimfiɗa shi ta baya kamar yadda ya saba, ya ɗora dutse. Sai ya ji wani abu na ture masa hannu daga ƙasa, a hankali, kamar numfashi. Ya juya ƙyallen.

Fari ne ke tasowa a kan fari. Igiyar shanya ta fito, riguna suka kumbura kamar iska ta shige su. A ƙarshen igiyar ga wani tsoho ya ɗan ranƙwafa, da maƙalin shanya a bakinsa.

Baba ya shafa da yatsa. Inna ta leƙo.

"Har da ƙeyarka," ta ce a hankali.

Sau uku ya wanke shi da sabulu mai ƙarfi. Ruwan ya fito garau, tsohon na nan a kan igiyarsa. Ya aika a kira Shuɗi.

"Barci tawadar take yi, Baba, sai ta ji zafi take tashi. Na gwada sau goma sha ɗaya, ko ta ƙone ko ta ƙi motsi. Na san hannunku ne kaɗai ya san zafin da ya dace."

"Shi ya sa kayanka ke zuba, sakarai. Zafi ke sa tawada ta kama yadi. Guga ce ba ka iya ba."

Daga bayan labule Kumfa ta ce, "Baba, a tambaye shi ina wayarsa."

"Mako biyu ke nan da ta faɗa bokitin tawada, Kumfata."

"A gabana kake kumfata?" in ji Baba. Amma dariya ta riga ta ƙwace masa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da jama'a suka ragu, Baba ya zaunar da su biyun a gabansa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare. Kai kuma gobe ƙarfe bakwai ka zo in koya maka riƙon dutse."

"Gobe, Baba?" in ji Shuɗi.

Tsohon ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"To, jibi."