Nauyin Ƙwayar Yashi

Magariba ta kawo jiki, Mai-awo na zaune a tsakar gida yana cika wa matarsa baki. Shi ke kula da uban duwatsun awo a ofishinsu: dunƙulen ƙarfe mai kilo ɗaya, a rufe cikin gilashi, a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Ba a taɓa shi da hannu, sai da hantsaki. Da shi ake gwada sauran duwatsun.

"Kin san ya ƙara nauyi?" ya ce. "Ƙwayar yashi guda. Oga ya ruɗe, wai sai an kai shi ƙasar waje. Ni kuwa na faki ido, na goga masa magagari sau biyu, ya dawo daidai."

"Kai dai da rawar kai," in ji matar.

Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Sai wani. Babu kowa a lungu, ganye ma ba ya motsi. Ya tsince su ya ɗora a sikelin kicin. Kowanne kilo ɗaya cif. Nan dariyarsa ta ɗauke.

Daga ranar, 'yarsu Auta ta fara sauƙi. Ba rama ba, kumatunta na nan. Amma in ta taka yashi sawu ba ya fita, in uwar ta ɗaga ta sai ka ce buhun auduga. Kullum in rana ta faɗi sai ta zauna a lungun ɗaki tana jijjiga cinya, kamar mai lallashin jariri.

Aka ɗauko malam. Ya tayar da hayaƙi, ya daɗe yana karatu. Can Auta ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Na zaga duniya ina neman inda hannun ɗan Adam ba ya zuwa, na samu, na kwantar da jaririna. Nauyin da kuka gani nasa ne. Wannan mutumin ya sa ƙarfe ya goge shi."

"Baiwar Allah, bai sani ba," in ji malam.

"Ya tambaya?"

"To yarinyar me ta yi miki?"

"Zan riƙa ɗibarta har iska ta ɗauke ta."

Uwar ta rungume Auta tana kuka. Malam ya ƙara karatu har aljanar ta yi ƙara.

"Naki jaririn ya mutu?" in ji malam.

"Yana raye."

"To ba ki da ikon ɗaukar rai. Ma'aunin ya zama daidai."

Aljanar ta ce, "Na yarda. Abin da ya goge kawai zan ɗauka, ba ragi ba ƙari. A jikinta, ko a nasa."

Malam ya ɗaga hannu. "Tsaya, mu ji daga wane waje..."

"Haba malam!" Mai-awo ya katse shi. "Ƙwayar yashi? Farcen da nake yankewa ya fi haka. A jikina, ɗauki!"

Auta ta dube shi. "Sau biyu ka goga," muryar ta ce, ta fita da atishawa.

Yarinyar ta zube a cinyar uwarta, da nauyinta duka, har matar ta yi nishi. Mai-awo ya ji nishin, ya yi hamdala.

"Kun gani? Ko zafi ban ji ba. Wa ya kashe fitilar?"

Fitila na ci. Idanunsa biyu a buɗe suke.