Kwanon da Ya Yi Jinya

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata mata wadda kwanon maƙwabta bai taɓa kwana a gidanta ba. In an kawo mata abinci, sai ta wanke kwanon, ta zuba gyaɗa, ta mayar.

Ana nan sai mijinta ya kamu da tari mai yaɗuwa. Mai magani ya ce, "Ba shiga, ba fita sai ya warke. Ko cokali kada ya ƙetare zaure."

Maƙwabta suka riƙa ajiye abinci a ƙofar gida. Aka kawo tuwo, ta wanke kwano, ta kife. Aka kawo fura, ta wanke, ta kife.

Rannan wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Yaya, ina kwanona? Ko shi ma tarin yake yi?"

Kunya ta kama matar. Ta ɗauki kwanon, har ta kai zaure, sai ta jiyo jaririn maƙwabciyar yana gwalantu. Ta tsaya, ta juyo, ta kife.

Ta ce, "Jinya yake yi."

Da mijin ya warke, kwanuka suka koma gidajensu cike da gyaɗa. Maƙwabciyar ta karɓi nata, jaririnta a goye, yana ta barcinsa lafiya lau.