Taguwar Kabarin Buyantu

A shekarar Zomo ta lissafinmu, da kaka, lokacin da ciyawa ta fara ja a bakin kogin Kerulen, Buyantu Han, sarkin kabilarmu ta Nekurit, ya rasu bayan mulkin shekara ashirin da uku. Aka binne shi yadda ake binne sarakuna, a tsakiyar filin da babu itace babu dutse, aka kora dawaki dubu a kan wurin har ƙasa ta koma daidai. Kafin nan an yanka ɗan raƙumi a kan kabarin a gaban uwarsa. Idon mutum ba ya riƙe wuri a irin wannan fili, amma taguwa ba ta manta inda jinin ɗanta ya zuba. In ƙanƙara ta narke, ita ake saki ta nuna hanya.

Sarki ya bar 'ya'ya biyu da ba sa ga maciji da juna. Esentai, babban, shi ke da mayaƙa. Kurumci, auta, shi ya gaji tantin uban da murhunsa, kamar yadda al'ada ta ba auta. Dattawa suka yanke cewa ba za a ɗaga kowa a kan farin bargon sarauta ba sai su biyun sun zuba nonon goɗiya a kabarin, sun rantse a kan ƙasusuwan ubansu cewa babu mai zare wa ɗan'uwansa takobi. In ba a ga kabari ba, babu rantsuwa, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya.

Aka damƙa taguwar a hannun Dolodai, tsohon da ya yi shekara arba'in yana kiwon raƙuman sarki.

Sanyin shekarar ya yi tsanani, har tumaki suna daskarewa a tsaye. Taguwar ta ƙi ci. Ta juya fuska gabas tana kuka, tozonta duka biyu suka faɗi kamar tsofaffin salkuna.

Maral, matar Dolodai, ta ce, "Maigida, dabbar nan ba za ta ga sabuwar ciyawa ba. Kai kuma ka zauna kana kallonta kamar ku biyu aka yanka wa ɗa."

"To me zan yi? In tauna mata?"

"Ga maraya can a garke, uwarsa ta mutu shekaranjiya."

"Rufe mini baki! Baƙin cikinta shi ne hanyar kabarin. In ta sami ɗa, wa zai kai mu?"

"In ta mutu fa? Gawarta za ka saka a gaba?"

Dolodai ya ƙi ɗauko marayan. Kwana tara yana jira. Ranar ta goma taguwar ta kwanta, ta kasa ɗaga wuya. Sai ya je da kansa ya ɗauko marayan, ya ɗaure shi kusa da ita, ya ɗauki gogensa. Maral ta durƙusa tana shafa wuyan taguwar, tana yi mata waƙar lallashi da matanmu ke yi. Tun hantsi har rana ta karkata. Can hawaye suka zubo wa dabbar, ta miƙe da ƙyar, ta shinshina marayan, ta bar shi ya sha. Washegari ta ci ciyawa. Dolodai ya ƙaura da su wani kwari, bai faɗa wa kowa ba.

Da ƙanƙara ta narke, aka taru a bakin filin. Esentai da rundunarsa a dama, Kurumci da jama'arsa a hagu, dattawa a tsakiya da salkunan nono. Dolodai ya baro marayan a ɗaure can bayan tudu, ya kwance akala. Taguwar ta yi taku kaɗan, ta sunkuya ta tsinki ciyawa, sannan ta waiwaya wajen tudun.

Kurumci ya ce, "Baba Dolodai, me ya same ta?"

Wani daga mutanen Esentai ya ɗaga murya: "Ku tambayi mai tanti! Wa ya san abin da ya ba ta a hunturu?" Daga hagu aka mayar masa da zagi. Dolodai ya ga hannaye suna laluben kwari da baka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, rama ce kawai. Bari in bi ta a ƙafa."

Ya dafa wuyanta, suka shiga filin, jama'a na biye. Rabin yini yana tafiya, yana duba ƙasa ko zai ga wata alama. Ciyawa ce kawai, iri ɗaya, har inda sama ta sauko. Da ya ga runduna biyu sun fara matsowa juna, sai ya yi ɗan sautin nan da harshe, can ƙasa-ƙasa, wanda ya koya mata tun tana ƙarama. Taguwar ta gurfana. Nono ya cika mata hantsa, ɗanta yana nesa, ta miƙa wuya ta yi wani irin kuka da ya sa kowa ya sauko daga doki.

Aka zuba nono. Kurumci ya kifa goshi a ƙasa yana kiran ubansa. Suka rantse, aka ɗaga Esentai a kan bargo. Sabon sarki ya tuɓe rigarsa ta fatar kyarkeci ya yafa wa Dolodai, ya sunkuyo dab da kunnensa.

"Tsoho, ka manta kai ka koya mini gurfanar da raƙumi?"

Dolodai ya ɗago ya dube shi.

"Kada ka ji tsoro. Ka yi mini aikin da mayaƙa dubu ba za su yi ba."

Kurumci ya riƙe rantsuwarsa. Ya sallami masu tsaronsa, yana zuwa farauta da wansa da mutum biyar kacal. A shekarar Doki, shekara uku bayan rasuwar Buyantu, a wajen irin wannan farauta, aka kashe shi. Dattawa suka zo gaban sarki suka ce ya karya rantsuwar da ya yi a kan ƙasusuwan ubansa, sarauta ba ta zama a hannun irinsa. Esentai ya sa aka kawo Dolodai.

"Baba, faɗa wa iyayena, wa ke kwance a wurin da muka zuba nono?"

Tsohon ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu tare suka yi ƙuruciya.

Ya ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe."

Da haka rantsuwar ta tashi a banza. Aka rarraba jama'ar Kurumci a matsayin bayi. Rabin kabila ta watse arewa, kuma Nekurit ba ta ƙara haɗa tuta ɗaya ba. Dolodai ba a kashe shi ba. Babu wanda ya ga ya kai a ɓata kibiya a kansa. An ce ya ƙara shekara bakwai a duniya, kuma duk narkewar ƙanƙara yana shiga filin shi kaɗai da salka, yana ɗiga nono kaɗan nan, kaɗan can, ko da wata rana zai dace da ubangidansa.

Haka tsofaffinmu suka ba da labarin. Na daɗe ina auna shi, ban sami inda Dolodai zai taka ya tsira ba. Ya ji tausayin dabba, ya ji tausayin mutane, duka biyun aka karɓa daga hannunsa aka wasa aka yanka Kurumci da su. Esentai kuwa ya yi mulki shekara talatin, ya mutu a kan shimfiɗarsa, kuma taguwar da aka yanka wa ɗa a kabarinsa ta kai 'ya'yansa wurin ba tare da ta waiwaya ba.