Mai Gardama da Ƙwarya Uku

Can da, a wani gari, an yi wani mutum mai gardama. Ran nan matarsa za ta dama wa baƙi kunu, sai ƙwarya uku suka rikice mata: ruwan tsamiya, na kanwa da na gishiri. Ta ɗiga zoɓo a kowacce. Ta tsamiya ta yi jawur, ta kanwa ta koma koriya, ta gishiri ko gezau.

Mijin ya ce, "Zoɓo ya fi ni sani? Harshena ya isa!"

Ya shanye ta farko, ya shanye ta biyu, ya shanye ta uku. Cikinsa ya murɗa, ya ruga bayi. Daga can ya ƙwala ihu, "Ta tsakiyar ce kanwa!"

Ta ce, "Sannu, maigida. Zoɓo ya faɗa tun ɗazu, kuma bai ruga ko'ina ba."