Biro Biyu a Aljihun Insfekta

Ƙarfe goma na safe aka kira Insfekta asibiti. Wani tela ya rasu bayan an yi masa allurar maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Nas ɗin da ta yi allurar na zaune a benci, an riga an tsare ta, tana murza bakin hularta.

"Kin duba kafin ki yi?"

"Na rubuta sunan maganin a kwamfuta, Yallaɓai. In an hana mutum, ja take nunawa. Kore ta nuna."

Insfekta ya buɗe fayil ɗin telan. Ga maganin nan cikin waɗanda aka hana shi, harafi da harafi.

Ya wuce kamfanin da ya rubuta manhajar kwamfutar asibitin. Manaja ya tarbe shi da dariya.

"Injinmu ba ya kuskure, Yallaɓai. Nas ɗin yanzu, latsa waya kawai suka iya."

Wata ma'aikaciya mai tabarau ta sunkuyar da kai. Insfekta ya kira ta waje.

"Ƙanwata, me kika sani?"

Ta nuna biro biyu da ke aljihunsa. "Waɗannan ɗaya ne?"

"Ɗaya mana. Duk shuɗi ne."

"Iri ɗaya dai, amma biyu ne. Kwamfuta na iya tambaya ko abu biyu iri ɗaya ne, ko kuwa abu guda ne a wuri guda. Tamu ta biyun take yi. Sunan maganin da ke fayil yana wani wuri, wanda nas ta rubuta yana wani. Sai ta ce ba su haɗu ba."

"Kin faɗa?"

"Har na gyara. Aka mayar yadda yake."

Ta buga masa tarihin gyare-gyaren a takarda. Ya koma ciki ya nuna wa Manaja layin da aka mayar.

"Ban taɓa layin nan ba!" in ji Manaja.

Insfekta ya karanta masa abin da shi Manajan ya rubuta da sunansa a wurin: "Ja ya yi yawa, asibitoci na ƙorafi."

Manaja ya zauna a hankali. "Kwangilar za su ƙwace. Na ce daga baya a gyara."

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya sa masa ankwa.

"Asibiti nawa ke aiki da manhajar?" in ji Insfekta.

"Sha bakwai," in ji mai tabarau.

Da yamma Insfekta ya je wurin nas. "An wanke ki, tashi ki tafi gida."

Ba ta motsa ba. Ta kalli tafin hannunta.

"Wannan dai shi ya yi allurar, Yallaɓai. Ba irinsa ba."