Matar Tsibirin Bango

Bilqis ta fara ganin Aruna ne a kan tsani, yana zane a bangon wani gidan cin abinci a unguwar Al Aziziya, can ƙasar Larabawa, wanda ake gyarawa saboda gasar kofin duniya. Lokacin korona ne, kowa da takunkumi a fuska.

Ɗan Zongon Kumasi ne. Abin da yake zanawa kuwa rayuwar wani ƙauyen tsibiri ce a tekun Pasifik, yadda abokin ɗakinsa ɗan Fiji yake ba shi labari: mata na ɗinke ragar kamun kifi, yara na fasa kwakwa, wani tsoho na toshe kwalekwale.

Ta tsaya kallo har ta manta aiken da aka yi mata. Daga gaisuwar nesa aka koma saƙonni. Wata rana ya rubuto mata:

"Hasken idona, na sa ki a tsibirin. Zo ki gani."

Tana zuwa ta tsaya cak. Ga mace a tsakiyar bango tana dariya, kai ba ɗankwali, fure a bayan kunnen hagu, idanun kuma nata ne sak.

Ashe Abdulbaqi, injiniyan da ke neman ta, ya riga ya kai wa mahaifinta, Dakta Ɗanbaba, hoton bangon, ya ce sai wanda ya keɓe da yarinya zai san ta haka. Dakta Ɗanbaba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ta haɗa kayanta, Kano za ta koma.

"Abba, don Allah ka je ka gani da idonka," ta ce.

Ya je, tana biye. Aruna ya sauko ya durƙusa, hannu duk fenti. Dakta ya daɗe yana duban bangon. Haƙoran matar a jere suke, babu wushiryar da Bilqis ta gada wajensa. Hancin ma ba nata ba ne. Yaron nan bai taɓa ganin ta ba takunkumi ba.

Ya tambayi dalilin furen. Aruna ya sunkuyar da kai, ya ce a can in yana hagu, to an yi wa yarinya miji.

"Wa ya ba ka?"

"Babu, Baba. Fata nake."

Bilqis ta fara hawaye. Dakta ya dubi Aruna.

"Khalas, shi ke nan. Ka ɗaura wa ta bangon ɗankwali, sannan ka turo manyanka."

An ɗaura aure a makon buɗe gasar. Washegari ango ya hau tsani da siririn buroshi, ya ja layi ɗaya tsakanin haƙoran matar tsibirin.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.